Na Kai Motata Gyaran Giya, Na Tarar An Yi Mata Sabon Fenti

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano. Wata huɗu da suka wuce na haɗa kuɗin adashi da ɗan rance na sayi mota 'yar Baljiyam, ƙirar 2010, a wani kamfanin sayar da motoci mai gareji a ciki. Surukina ne ya haɗa ni da mai wurin, abokinsa ne tun ƙuruciya. A gabansa Alhajin ya ce ya ba ni garantin wata uku a kan inji da giya, sai dai ba a rubuta ba. Ban yi wata biyu ba giya ta fara fizga, na mayar musu. Sati biyar suna ce mini gobe, jibi. Ranar da na je ɗauka sai na ga gefen dama na gaba da sabon fenti, fitilar wannan gefen ba irin ɗayar ba ce, sitiyari yana ja, kilomita ta ƙaru da fiye da 300, giyar kuma tana nan tana fizga. Duk da haka suka miƙo mini takardar naira 480,000. Manajan ya ce haka na kawo ta, ya nuna mini wani allo da aka rubuta da Turanci cewa duk abin da ya sami mota a harabar, ruwan mai ita ne. Wani yaron garejin ya raɗa mini cewa ƙanin manajan ne ya tafi biki da ita ya buga. Na ƙi biya, na baro motar a can. Abokaina sun ce in kai 'yan sanda, ni kuma ji nake kamar in tona musu asiri a Facebook, maiɗakina ta ce in bar wa Allah kada a ɓata tsakanin mahaifinta da abokinsa. Ina mafita?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya huci zuciyarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai fentin nan ne. Manaja ya ce haka ka kawo ta. To, wa ya yi mata fentin? Mai gyaran giya ba shi da wata hulɗa da gefen mota, balle fitila. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya fesa fentin nan don ya rufe ɓarna, shaida ya rubuta maka a jikin motar da hannunsa, kuma wannan shaidar ta fi raɗar yaron ƙarfi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce kullum motar ta ƙara kwana a harabarsu, shaidar tana ƙara tsufa, kuma suna da damar su gyara abin da suka manta ba su ɓoye ba. Saboda haka abin da ke gabanka a wannan satin ba rigima ba ce, komawa wajen motar ne.

Ka tafi da mutum biyu: bakanike na kanka wanda ba ya cin abinci a wajensu, da mai gyaran jikin mota, wato fanel bita, wanda ya daɗe a sana'ar. Ka yi sallama, ka gaisa da kowa, ka ce ka zo ne a duba motarka. Taka ce, ba mai hana ka kallonta. Fanel bita na ƙwarai ba ya minti goma bai gane ba. Zai buɗe bonet ya duba notocin da ke riƙe da gefen, domin noton da sifana ta taɓa yana nuna ƙwarzane a fentinsa. Zai shafa robar gilashi da bakin ƙofa ya ji ko fenti ya fantsama a kai. Zai duba ratar da ke tsakanin bonet da gefen dama ya gwada da ta hagu. Wasu ma ɗan maganaɗisu suke ɗorawa: inda aka cika da bodi fila mai kauri ba ya kamawa kamar yadda yake kama ƙarfe. Shi kuma bakaniken ya shiga ƙarƙashi, don sitiyarin da ke ja yana nufin bugun ya kai ga ƙafar motar, wataƙila wani ƙarfe ya lanƙwashe. Tunda yana ƙarƙashin, ya ɗan leƙa salansa ya ga ko abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi yana nan, don yana da tsada, kuma motar da ta yi sati biyar ba mai ita a kusa ta cancanci a duba mata shi. Kai kuma ka ɗauki hoto da bidiyo na komai, har da lambar kilomita a dashbod da lambar motar, a cikin harabar tasu yadda za a gane wurin. Daga nan kowannensu ya rubuta maka abin da ya gani da abin da gyaran zai ci, ya sa hannu da kwanan wata. Ko a takardar littafin makaranta ce, ta wadatar.

Akwai wata shaidar da nake kyautata zaton tana cikin wayarka ba ka tuna ba. Ba a sayar da mota yanzu ba tare da an turo hotuna ta WhatsApp ba. Waɗannan hotunan su suka ɗauka, su suka turo, da kwanan wata a jiki, fitilun biyu iri ɗaya. Ka ƙara da duk hoton da ka ɗauka da motar bayan nan, ko na yara ne a jikinta ranar Juma'a. In akwai wanda ya raka ka ranar da ka mayar da ita, ko mai wankin motar da ya saba wanke ta, ka riƙe sunansa. In sun ba ka wata takarda ranar da suka karɓe ta, ka nemo ta ko tana cikin aljihun wata rigar. Wannan ɓangaren a wuyanka yake: kai ne za ka nuna ta shiga lafiya ta fito da rauni. Da zarar ka nuna haka, magana ta juya, su ne za su yi bayanin abin da ya faru a hannunsu.

Na ce magana ta juya ne domin ka miƙa musu makulli. Nan ne allon da manaja ya nuna maka ya rasa ƙarfinsa. Gaskiya ne akwai wata shari'a da Kotun Ƙoli ta yanke a 2002, ta wani alƙali da aka sace motarsa a harabar wani otal a Owerri, kotu ta ce otal ɗin ba zai biya ba. Masu irin wannan allo suna son labarin nan. Amma shi mutumin ajiye motarsa ya yi, ya kulle, ya tafi da makullinsa. Kai kuwa damƙa musu ka yi don su yi aiki a biya su. Wanda ya karɓi kayan wani a kan haka, doka ta ɗora masa kula da shi, in ya lalace a hannunsa shi zai nuna ba sakacinsa ba ne. Balle a ce an fita da motar yawon da mai ita bai sani ba, kilomita 300 kuwa ba gwajin giya ba ne, ya kai a je Zariya daga Kano a dawo. Ga kuma dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Sashe na 130 ya ba ka haƙƙin a yi maka aiki a kan lokaci, a sanar da kai in za a yi jinkiri, a yi shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, sannan a dawo maka da kayanka a yanayin da bai gaza yadda ka kawo shi ba. In aikin bai yi ba, kana iya neman a sake shi ko a rage maka kuɗi. Sashe na 145 kuma ya ce in aka yi zargin aiki ko kaya na da aibi, mai kasuwancin ne zai kawo hujjar kare kansa.

In ka ga Alhajin ya fi jin yaren malamai fiye da na lauyoyi, to a can ma ba shi da wurin ɓuya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an faɗa ƙarara cewa masu sana'a suna lamunce abin da aka bar musu suka keɓanta da shi, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Malaman Malikiyya sun yi hakan ne don maslaha: tela da marini da maƙeri, in aka ce duk abin da ya salwanta a hannunsu su rantse su tafi, ba wanda zai kuskura ya ba su kayansa. Gareji kuwa maƙera ce ta wannan zamanin.

Yanzu bari in faɗa maka inda ƙafarka ba ta taka ƙasa sosai ba, don ban ga amfanin in yi ta zuga ka ba. Rigimar taka biyu ce, su kuma za su so su cakuɗa ta ta zama ɗaya, su ce ka biya 480,000 su kuma su "duba" maganar gefen. Kada ka yarda. Maganar bugu daban, a nan kana da ƙarfi. Maganar giya daban, a nan akwai ja. Garantin baki garanti ne, amma sai an tabbatar da shi, kuma shaidarka ɗaya tal surukinka ne, abokin wanda kake ƙara. Mota ce mai shekaru, za su iya cewa garantin na aikin hannu ne ban da kayan gyara, ko su ce kai ka zuba mata man giyar da ba nata ba. Tambayoyin da za su taimake ka a nan su ne: kafin su taɓa motar, sun gaya maka za a kashe kuɗi ka amince? Me da me suka canza? Ina tsofaffin da aka cire, ina rasidin sababbin? In ba su nemi amincewarka ba, sannan giyar tana nan tana fizga, to wane aiki ne za ka biya wa 480,000? Ka nemi a rubuta maka kuɗin dalla-dalla, ka sa bakanikenka ya kewaya kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ya ji farashin kowane ƙarfe. Sau da yawa takarda irin wannan da an ce a warware ta, sai ta fara ramewa da kanta. Amma ka shirya wa yiwuwar cewa a ƙarshe a ce ka ɗauki wani kaso na kuɗin giyar. In an gyara ta da gaske kuma an biya ka ɓarnar gaba, ban ga faɗuwa a nan ba.

Kafin ka zauna da kowa, ka san abin da kake nema, ka iya faɗinsa a numfashi ɗaya. "Ku san yadda za ku yi da ni" ba buƙata ba ce. "Ku ba ni wata motar" kuma zai yi wuya, sai dai in bakanike ya tabbatar bugun ya taɓa casis. Abin da zan nema da ni ne: a gyara gaban a garejin da muka yarda da shi mu biyu, ba nasu ba, su biya, a sa fitila irin ta asali, a gyara ƙafar, a gyara giya a ƙarƙashin garanti, a ba ni wani abu na faɗuwar darajar motar da kuɗin adaidaita sahun da na yi ta kashewa. Kada ka ji nauyin ambaton faɗuwar daraja. Ba wanda ya kai dilan mota sanin bambancin kuɗin motar da ba a taɓa fentinta ba da wadda aka taɓa. Da kai ka kawo musu ita sayarwa a haka, da gefen nan za su fara nuna maka su zabge kuɗin. Wanzami ne ba ya son jarfa.

Sai ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga mai kamfanin, ba manaja ba, don mai yiwuwa ne Alhajin bai ma san abin da ake ciki ba, kuma manajan da ƙaninsa ke cikin magana ba zai taɓa zama alƙalinka ba. Ka sa ranar saye, ranar da ka mayar, abin da ka kai a gyara, abin da ka tarar, abin da kake nema, da wa'adin sati biyu. Ban da zagi, ban da kalmar sata ko cuta, ban da barazana. Ka yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu a naka, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp. Sunan yaron nan kada ya fito, a takarda ko a baki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: ranar da suka gane shi ya faɗa, shi za a kora, kai kuma ba lallai ya iya maimaita maganar a gaban ubangidansa ba. Ya yi maka alheri, ya nuna maka inda za ka duba. Ka bar fenti da kilomita su yi magana a madadinsa.

Game da maiɗakinka, tana da gaskiya a abin da take tsoro, amma ban yarda da maganinta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ka yi shiru kana biyan bashin motar da aka buga, abin zai zauna a ranka, duk ranar da ka ga Alhajin a wajen ɗaurin aure sai ya taso, kuma ita za ta fi kowa jin zafinsa a gida. Yafiya tana da daɗi in mutum ya yi ta bayan an amsa laifi, yana da ikon karɓa ya bari. Wadda aka yi don an rasa yadda za a yi, sunanta haƙurin dole. Surukinka kuwa, a ganina, shi ne babbar ƙofarka. Kafin wasiƙar ta isa kamfani, ka je gida ka same shi, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: "Baba, wata 'yar matsala ce ta taso a kan motar nan, ban so in yi komai ba ku sani ba." Ka nuna masa hoton da suka turo da wanda ka ɗauka yanzu, ka yi shiru. Kada ka ce ya zaɓi ɓangare, kada ka ce masa ya zo ya yi shaida. Ka roƙe shi ya haɗa ku zama da Alhaji. Dattijon da aka ba surukinsa garanti a gabansa ya san mutuncinsa ne a ciki, ba sai ka tuna masa ba. In an zauna an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu. In wani ya ce ai mu 'yan'uwa ne ba sai an rubuta ba, ka yi murmushi ka ce rashin rubutun farko ne ya tara mu a nan, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

'Yan sanda ba wurin wannan maganar ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai. Abin da za ka samu shi ne zirga-zirga, a jawo motar a ajiye a caji ofis rana da ruwa suna dukanta, surukinka kuma ya ji labari a bakin wani. Facebook ya fi wannan haɗari. A 2023 an kama wata mata a Legas a kan abin da ta rubuta game da wani tumatirin gwangwani, aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Ko kana da gaskiya, daga ranar da ka rubuta "ɓarayi" ka ba su abin riƙewa, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara. Inshora kuma, in irin ta naira 15,000 ce da yawancinmu ke yanka don a wuce shingen hanya, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba. In cikakkiya ce da kai, ka sanar da kamfanin inshorar yau ɗin nan, don suna da wa'adin sanarwa.

In wa'adin ya cika ba su motsa ba, hanyoyi na nan kuma ba su da tsada. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano, akwai ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet. Akwai zauren sasanci na babbar kotun jiha, inda ake zaunar da ɓangarori biyu da mai shiga tsakani, in an daidaita kotu ta amince da yarjejeniyar ta zama hukunci. Ga mai suruki a tsakiya, wannan ya fi dacewa da kai. Sannan akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018, Kano ta bi sahu a 2019. An buɗe ta da iyakar naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Ita kuɗi ƙayyadajje take saurara, kuma sai ka fara ba wanda kake bi takardar neman biya, ka ga amfanin ƙiyasin makanikan nan da wasiƙarka. Kafin ka shigar, ka biya lauya kuɗin zama ɗaya ya duba takardunka ya gaya maka kotun da ta dace da irin ƙararka.

Za su iya cewa mota ba ta fita sai an biya, domin doka ta yarda mai gyara ya riƙe abin da ya gyara har a sallame shi. Amsarka ita ce ba a gyara ba, kuma aikin na cikin garanti. Amma in ka ga zaman motar a can ya fi cutar da kai, kuma kana da halin biya, kana iya biya ta banki, ba kuɗi a hannu ba, bayan ka rubuta musu cewa ka biya ne don ka karɓi motarka, ba ka amince da kuɗin ba, kuma za ka nemi a dawo maka da su. Na taɓa yin kuskuren nan a wani gareji shekarun baya: aka miƙo mini takarda ina sauri magariba ta kawo kai, na sa hannu ban karanta ba, ashe an rubuta na karɓi mota cikin ƙoshin lafiya. Washegari da na dawo da ƙorafi, ita aka zaro daga durowa aka ajiye a gabana.

Don haka ranar karɓa ka je da safe, da bakanikenka. A fito da motar rana, kada a duba ta a cikin rumfa. Ku hau titin Zariya ku yi tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi, don giya mai ciwo takan yi lafiya lau tana sanyi, sai ta ɗumama halinta ke fitowa. A wuri mai miƙe da ba cunkoso ya sassauta riƙon sitiyari ya ji ko tana ja. Ku dawo, a kunna fitilu a jikin bango a ga ko haskensu ya daidaita. Sai bayan nan za ka karɓi biro, kuma duk abin da ya rage ba a yi ba, ka rubuta shi da hannunka a saman inda za ka sa hannu, ka ɗauki hoton takardar kafin ka miƙa.